Gidan taya a Amurka: nemo wurin ajiyewa kafin ka sayi ƙusa ɗaya

Wani ƙanenmu da ke zaune a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, ya aiko da tambaya kamar haka: "Yaya, haya ta ishe ni. Shekara bakwai ina biya, ko bulo ɗaya ban mallaka ba. Ina ganin ƙananan gidajen nan da ake ginawa a kan tirela, an ce mutum na iya haɗa nasa da hannunsa. Na tara dala 30,000, kuma amarya za ta iso baɗi in Allah ya yarda. In shiga? In abin ya yi kyau kuma, zan iya yin irinsa a gida Maraɗi?"

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya kawo amarya lafiya. Na yi shekara shida ina aiki a wani wurin ƙera irin waɗannan gidaje, na kuma haɗa nawa da hannuna na zauna a ciki shekara uku, saboda haka abin da zan gaya maka jiki ne ya gaya mini.

Ka fara gane cewa wannan gida jemage ne. Kai da ke kwana a ciki gida kake kiransa, hukuma kuwa abin hawa take ganinsa, har lamba za ta maƙala masa a baya kamar kowace tirela. Duk wahalar harkar daga nan take fitowa. Larurar gida tana kansa, larurar mota tana kansa, amma gatan da ake ba gida ko wanda ake ba mota sai ka yi da gaske kafin ka samu. Ginin shi ne mai sauƙi. Duk wanda ya iya riƙe guduma da zarto, yana da haƙuri, zai gama. Inda mutane suke kifewa shi ne ranar da suka gama, suka tsaya suna kallon gida kyakkyawa, babu inda doka ta yarda su kwana a cikinsa.

Tayar ma da kake gani, doka ce ta sa aka sa ta. Garuruwa da yawa a Amurka suna da ƙa'idar cewa gidan zama ba zai gaza wani girma ba, wani wuri murabba'in ƙafa 800, wani wuri 1,000. A 1999 wani mutum mai suna Jay Shafer a jihar Iowa ya so ya zauna a gida na wajen murabba'in ƙafa ɗari kacal, ya ga ba za a bar shi ya kafa shi a ƙasa ba, sai ya ɗora shi a kan tirela, ya fita daga hurumin masu duba gini. Daga baya ya buɗe kamfanin Tumbleweed yana sayar da zane da gidajen. Rikicin bashin gidaje na 2008, wanda ya raba dubban iyalai da muhallinsu, ya sa mutane suka fara sauraronsa da kunnen basira, sannan shirye-shiryen talabijin suka ɗauka daga wajejen 2014, abin ya zama yayi. Dabarar ta kuɓutar da gidan daga dokar gini, amma ta jefa shi cikin wata: dokar da ta hana mutum ya mayar da motar yawon shaƙatawa, irin mai wurin kwana a ciki, gidan zama na dindindin a unguwar jama'a.

Za ka ji wasu suna cewa ai an halatta tun 2018. Abin da ya faru shi ne kundin ƙa'idojin ginin gidaje da yawancin jihohi ke kwaikwaya ya sami ƙarin babi mai suna Appendix Q, wanda ya amince da gidan da bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, ya sassauta masa tsayin silin da irin matakalar hawa bene. To amma babin na gidan da ke zaune a kan harsashi ne, kuma sai jiha ko gari ya ɗauke shi ya sa a dokarsa kafin ya yi aiki. Na taya sai an bi gari-gari. Fresno a Kalifoniya ta yarda a ajiye shi a bayan gida a zauna tun 2016, Los Anjeles ta bi sahu a ƙarshen 2019, Portland a jihar Oregon ta yarda a 2021. Wani ƙaramin gari mai suna Spur a Teksas ya yi shelar maraba da ƙananan gidaje tun 2014, amma da sharaɗin a zaunar da su a kan harsashi. Ka ga kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma abin da gundumarku ta yarda da shi na iya zama laifi in ka tsallaka titi ka shiga ta maƙwabta.

Ni ma na ɗanɗana. Shekarata ta farko a bayan gidan wani dattijo na ajiye, muka yi magana ta fatar baki, ina ba shi ɗan abin wuta da ruwa. Wata tara lafiya lau. Wata ranar Talata na dawo daga aiki na tarar da takarda ruwan ɗorawa an manna a ƙofata da salatif: kwana 30 in kwashe, ko tara ta fara hawa kullum a kan mai filin. Wani maƙwabci ne ya kai ƙara, har yau ban san ko wane ne ba. Ma'aikatan nan ba sa yawon neman masu laifi, ƙara suke jira, kuma ƙara ɗaya ta isa. Na yi mako uku ina buga waya. Filayen masu motocin shaƙatawa biyar na kira, huɗu suka fara da tambaya ɗaya: "Yana da hatimi?" Suna nufin hatimin RVIA, ƙungiyar masu ƙera motocin shaƙatawa, wanda kamfanoni 'yan ƙungiyar kaɗai ke iya mannawa, wanda ya gina da hannunsa ba ya samu. Akwai masu duba aiki irin su NOAH da ke ba mai ginin kansa takardar shaida, amma mataki-mataki suke dubawa, tun wayoyi da bututu suna a fili kafin a rufe bango. In ka rufe, ka makara. Ni na makara, kuma rashin takardar nan ya bi ni har wurin masu inshora. Tun ran gini ran zane.

Saboda haka ka fara da wuri, kuma a rubuce. Wurin nan dole ya kasance da wuta, da ruwa, da inda ƙazanta za ta tafi, da adireshin da wasiƙa za ta same ka. Kada ka raina adireshi. Kai da ke shirin shigo da mata, duk takardunku ta akwatin wasiƙa za su zo, kuma doka ta ce wanda ba ɗan ƙasa ba ya sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 10 in ya sauya mazauni. Ka kuma sani wurin ajiyewa haya ce. Na ga daga dala 400 zuwa 900 a wata, gwargwadon gari. Hayar da ka ce ta ishe ka raguwa za ta yi, ba ɓacewa ba.

Yanzu mu zo ga awo, domin titi ne ke zana maka gidan kafin ka ɗauki fensir. Ba tare da takardar izini ta musamman ba, faɗi ba zai wuce ƙafa 8 da rabi ba, tsayi daga kwalta zuwa ƙololuwar rufi ƙafa 13 da rabi a yawancin jihohin gabas, saboda gadoji da wayoyin wuta. Faɗin nan ya haɗa da komai: bango, bakin kwano, har fitilar da ka maƙala a waje. In ka cire kaurin bango biyu, abin da ya rage a ciki wajen ƙafa 7 da rabi ne. Ɗauki tirela mai tsawon ƙafa 24, wadda ita ce matsakaiciya, za ka sami fili na murabba'in ƙafa 170 da 'yan kai. Ɗakin sha biyu sha biyu da muka sani a gida 144 ne. Wato ɗaki ɗaya da 'yar ɗoriya, a cikinsa za ka yanka falo, da kicin, da banɗaki, da wurin kaya.

Shi ya sa ake kai gado sama. Yi lissafin tsayin da kanka: tirela ta cinye kusan ƙafa 2, rufi da abin tare sanyi sun cinye kusan ɗaya, ƙasan benen yana son ƙafa 6 da rabi don mutum ya miƙe, daɓen benen ya ɗauki nasa. Abin da ya saura a sama bai fi ƙafa 3 da rabi ba, katifa kuma ta rage. Da rarrafe ake shiga, a kwance ake sa wando. A hoto ba a ganin wannan, kamar yadda ba a ganin mutum yana laluben tsani da ƙafa ƙarfe uku na dare don zuwa fitsari.

Nauyi shi ne abin da na fi so ka zauna ka yi wa karatun ta-natsu, don a nan rai yake. Tirelar da ta dace da ƙafa 24 tana da aksil biyu, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke jikinsu, kowanne na ɗaukar laba 7,000, jimilla 14,000, wato kilo 6,350. Ita kanta tirelar ta kai laba 2,500 zuwa 3,000. Abin da ya rage maka wajen kilo 5,000 ne, kuma a ciki har da katako, da kwano, da tagogi, da firji, da tukwanen amarya, da buhun shinkafa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 200 ya ci kilo 200 ke nan. A wurin aikinmu akwai littafi rataye a jikin kowane gida, duk abin da zai shiga sai an ɗora a sikeli an rubuta. Mu da muka taso da bulo da siminti muna da wata ɗabi'a ta ganin abu mai nauyi shi ne mai inganci. A nan ka ajiye ta. Tayil a bango, teburin kicin na dutse, ƙofar ƙarfe irin ta gida, duk ka manta da su. Ko allon filasta da Amurkawa ke rufe bangon ciki da shi ba na so, nauyi gare shi kuma yana tsagewa a hanya. Siririn katako ko filawud ya fi.

Kuma jimillar nauyi rabin magana ce, sauran rabin inda ka ajiye shi ne. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin duka ya sauka a kan wuyan tirela, inda take haɗuwa da mota. In ya gaza haka, baya ya fi gaba nauyi, tirela za ta fara kaɗa gindi. Ranar da na fara jan nawa, batura huɗu da firji da akwatunan littattafai duk suna can ƙarshen baya, don a nan suka fi kyau a zanena. Muna hawa babban titi, gudu ya kai mil 50, wata babbar mota ta wuce mu, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna. Na duba madubi na ga gidana yana leƙowa ta hagu, ya koma, ya leƙo ta dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Abokin aikina da ke gefe ya daka mini tsawa kada in taka birkin mota, ya miƙa hannu ya matse ɗan makunnin birkin tirela da ke ƙasan sitiyari, abin ya ja ya miƙe. Muka gangara gefe, ƙafata tana rawa, salati kawai nake. Da muka je sikelin manyan motoci, irin na CAT da ke gidajen man direbobi, wuyan bai ɗauki ko kashi 7 ba. Sai da na kwance batura na mayar da su akwati a gaban gidan. Kuɗin awon nan bai kai na abincin rana biyu ba, amma mutane da yawa ba su taɓa kai nasu ba.

Kada ka sayi tsohuwar tirelar ɗaukar motoci don rangwame. Ita ce harsashinka, kuma ita kaɗai ce ba ta canzuwa bayan an gama. Sayi wadda aka ƙera don wannan aikin, mai birkin lantarki a kowace taya, mai fiffiken ƙarfe a gefe inda za ka ɗaure bango da noti. Gidan da ke kafe a ƙasa nauyinsa ke riƙe shi, wannan kuwa duk ranar tafiya girgizar ƙasa da guguwa yake fuskanta a lokaci guda. Iskar da ta kai kilomita 119 a awa ita masana yanayi ke kira mahaukaciyar guguwa. Kai kana gudun 95, iska tana busowa daga gaba da 30, ka riga ka wuce. Don haka ake zuba gam a jikin kowane ginshiƙi kafin a buga filawud, ake ɗaure rufi da bango da maɗaurin ƙarfe, ake zura dogayen noti daga bango har cikin ƙarfen tirela.

Batun yawo da shi kuwa, ka cire shi daga ranka. Jan kilo 6,000 sai mota irin Ford F-250 ko F-350, kuma sayen irinta don tafiya ɗaya a shekara asara ce. Yawancinmu hayar mai ja muke yi, yana caji a kan kowane mil. Cikin shekara uku sau uku na motsa, biyu dole ce ta sa. Tayoyi ko ba sa tafiya rana tana cin su. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. In ta haura shekara shida, canza kafin ka hau titi ko da zanenta bai goge ba. In ka ajiye, ɗora gidan a kan jak da tubala ya daidaita, ka rufe tayoyin.

Abokin gaba na biyu bayan nauyi shi ne ruwa, kuma na ciki ya fi na sama ɓarna. Numfashin mutum biyu, da wanka, da girki, duk tururi ne, a ɗakin da iskarsa ba ta da yawa kuma an toshe shi ruf saboda sanyi. Gas kansa ruwa yake haifarwa: kilo ɗaya in ya ƙone yana sakin fiye da lita ɗaya da rabi a iska. Da hunturu tururin nan yana neman wuri mai sanyi ya kwanta, jikin taga, kusurwar rufi, kan ƙarfen da ya rufe tayoyi. Watan Janairu na farko na ɗaga katifata na tarar ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, katakon yana naso. Maganin ba tsada: fanka mai fitar da iska waje a banɗaki, wata a kan murhu, 'yar na'urar musayar iska a bango da ke aiki dare da rana, sannan a ɗora katifa a kan sandunan katako masu tazara. Tagogi kuma a naɗe gefensu da kyau kafin a sa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gidan da ke girgiza a hanya ba ya rasa tsaga. Tun da gas ya shigo magana: ƙararrawar hayaƙi, da ta iskar nan mai kisa marar wari da ke fita in wuta ba ta ci sosai ba, da tukunyar kashe gobara, da tagar da mutum zai iya fita ta cikinta daga bene. Waɗannan huɗu ba a cinikinsu. Ƙofa ɗaya gare ka, kuma murhu yana tsakaninta da gadonka.

Akwai abubuwan da masu zanen nan ba su yi tunaninsu ba, domin ba don mu suka zana ba. Na farko banɗaki. Yawancin gidajen taya suna amfani da masai busasshe, wanda ke raba fitsari gefe guda, bayan gida kuma a rufe shi da dusar katako ya bushe. Sirrinsa duka bushewa ce. Mu kuwa da buta muke shiga. Kwana uku na tsarki da ruwa sun isa su mayar da shi kwata, kuma warin ba ya da inda za shi sai falonka. Na gwada dabaru iri-iri kafin na haƙura na sa masai na ruwa. Wannan kuma ya mayar da mu maganar farko: dole wurin da za ka ajiye ya kasance da bututun ƙazanta ko shadda, ko kuma ka sa tanki a ƙasa ka riƙa biyan mai zuƙa. Wannan buta kaɗai ta rage maka rabin wuraren da Bature zai iya zama.

Alwala sau biyar a rana, mutum biyu, a kan daɓen katako, ita ma lissafi ce. Yi banɗakin gaba ɗayansa wurin wanka, daɓe da bango na roba ko siririn ƙarfe, magudana a tsakiya, famfo ɗaya a ƙasa daidai gwiwa, da ɗan kututturen zama. Sallah kuma: daga inda kake alƙibla arewa maso gabas take. In ka ajiye gidan yadda ya zo, za ka iske darduma tana son ta kwanta a karkace a lungun da faɗinsa bai fi ƙafa 3 ba tsakanin kujera da kabad. Ni da na koma wuri na biyu, da kamfas a hannu na tsaya ina yi wa direba ishara, har tsawon gidan ya fuskanci alƙibla. Ya ɗauka ra'ayin hasken rana ne, ban tsaya yi masa bayani ba. Ka bar fili a tsakiya wanda mutum biyu za su yi jam'i, ba a ƙarƙashin bene ba, inda hannu zai ɗagu ba tare da ya bugi silin ba.

Sai girki. Kicin ɗin hotuna na masu dafa shayi da gasa burodi ne. Ranar da amarya ta soya tattasai da albasa a man gyaɗa, ta jefa daddawa, hayaƙin sama zai tashi, kuma saman nan gadonku ne da kayan sawarku. Na sha zuwa aiki ana tambayata abin da na ci jiya. Fankar kan murhu ta zama mai ƙarfi, mai bututu zuwa waje, kuma ka yi 'yar rumfa a ƙofar gida da murhu na biyu don suya. Rumfar nan za ta zame maka zaure ma.

Wuta ba ta da wani dogon labari. In wurin yana da soket irin na motocin shaƙatawa, mai amfiya 30 ko 50, ka huta. Ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki mai iya dumamawa guda ɗaya ta ishi gidan duka. Sola kuwa rufin ba zai ɗauki fiye da faifai shida zuwa takwas ba. Sun isa fitila, firji, fanka da caji, ba su isa dumama ɗaki a daren Janairu ba. Wayoyin wuta da bututun gas ka biya mai lasisi ya yi. Tiyon ruwa na waje kuma ka sayi mai ɗumi a jikinsa, ka kewaye ƙasan gidan da allo, in ba haka ba wata asuba za ka murɗa famfo ka ji shiru.

Dala 30,000 ɗinka za ta iya, in kai ne lebura kai ne kafinta, kuma ba ka yi almubazzaranci ba. Tirela za ta ɗauki wajen kashi ɗaya cikin huɗu, tagogi da ƙofa su biyo baya da tsada. Wanda kamfani ya ƙera ninki biyu ko uku ne. Nawa ya ci wata 14, duk Asabar da Lahadi, ina biyan hayar ɗaki da ta wurin gini a lokaci guda. Wannan kuɗin ma ka sa shi a lissafi. Abin da ke jan hankalin irinmu shi ne a yi gini da kuɗin hannu, babu bashin banki babu kuɗin ruwa, kuma wannan riba ce ta gaske. Amma kada ka ɗauko salon gida, inda ake kai gini linta a bar shi damina uku. Bulo yana jira, katako ba ya jira. Daga ranar da ka tayar da bango, cikin 'yan makonni dole rufi da tagogi su hau. Ka kuma sani ba kadara kake ginawa ba. Abin da ke tashi a harkar gidaje ƙasa ce, kai kuma ba ka da ita; gidan taya kamar mota yake, ƙimarsa sauka take yi. Da na sayar da nawa kuɗin kaya na mayar, guminmu ya tafi sadaka. Ribata ita ce bambancin haya na shekara uku, kuma ita ta zama kuɗin somin gidan da nake ciki yanzu.

Inda nake jin tsoro a maganarka shi ne amarya. Ni gwauro ne lokacin, kuma gwauro ko a shago ya kwana. Yarinyar da ta taso a gida mai tsakar gida, da 'yan'uwa, da maƙwabta ana shiga ana fita, ka ɗauko ta ka sa a akwati mai faɗin ƙafa 7 da rabi a bayan gari, kai ka tafi aiki tun safe, filayen nan kuma galibi nesa suke da masallaci da shagon kayan miyarmu da motar haya. In kun saɓa, babu ɗakin da ɗaya zai shiga ya huce. In abokanka sun zo, kuma ka san mutanenmu ba sa buga waya, ina za ta koma? Juna biyu ya zo, mai wata takwas ba ta hawa tsani. In an haihu, gyatuma ko gwaggo za ta zo zaman jego, a ina za ta kwana? Na ga ma'aurata da suka ji daɗin zaman, amma duk su biyun suka zaɓa, kuma yawancinsu sun fita kafin ɗan fari ya fara gudu. In har za ka yi, nemi zanen da ke da gado a ƙasa, ko da zai kai ka ga tirela mai ƙafa 28 ko 30 da aksil uku, kuma kada ka yanke katako ɗaya sai ta gani da idonta ta ce ta yarda.

Maraɗi kuwa, a'a. Dalilin sa taya shi ne kauce wa dokar girman gida da tsadar fili, kai kuma a can in ka sami fili babu mai hana ka gina ɗaki ɗaya. Akwatin katako da kwano a zafin Afrilu, ana 42 a inuwa, tanda ce. Ga gara, ga katako mai kyau da tsada, ga hanyoyin da za su kwance kowane noti. Kuɗin tirela kaɗai zai tayar maka da ɗaki da falo na bulo. Abin da za ka iya kai wa gida shi ne dabarun cikin: gado mai aljihu a ƙasa, tebur mai naɗewa, matakala mai kabad.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Wannan makon ka je ofishin tsara gari na gundumarku, ka tambaye su ko an yarda mutum ya zauna shekara cur a gida mai taya, a wace unguwa, kuma wace takardar shaida suke so. Ka roƙi amsar a rubuce da lambar sashen dokar. Ka kira filaye uku mafi kusa da wurin aikinka ka ji ko suna karɓar wanda mutum ya gina da kansa, da nawa, kuma ko akwai bututun ƙazanta. Kuɗinka su ci gaba da kwana a banki. In amarya ta iso, ku kama hayar irin gidan na mako guda, akwai su a Airbnb, manhajar kama masauki, kuma ku zaɓi tsakiyar hunturu ranar da ake ruwa. Ku tafi da buta, da darduma biyu, da tukunya da daddawa, ka gayyaci abokanka uku cin tuwo a dare na huɗu. In kun dawo ka kira ni, ka ba ta wayar, daga bakinta nake so in ji.